Yatsun Yaya Bagudu

A shekarar da kogin Mazargi ya janye har jakuna suka riƙa haye shi ba su jiƙa ciki ba, bayan an kai gero rumbu, kafin a taɓa auduga, na bar gida tare da wana Bagudu muka nufi ƙasar Galmazu, inda dutse ya hau kan dutse, wani ya hau kan wannan, har gajimare ya koma ƙarƙashin ƙafar mutum. Sunana Mantau. Na yi yawo, ina jin harsunan mutanen nesa, shi ya sa ya ɗauke ni tafinta. Shi kuwa maɗinki ne, kuma babu kamarsa a Mazargi. Wuyan rigar da ya ɗinka daga nesa ake gane shi. Hannunsa na dama shi ke ciyar da gidanmu: tsohuwarmu, da iyalinsa, da marayun 'yar'uwarmu, da ni kaina in na dawo daga yawo aljihu a bushe.

Ba fatauci ya fito da mu ba, ba kuma neman ilimi ba. Wani mai goro ne, Nomau, ya je Galmazu ya dawo da yatsunsa biyar a rine, kowanne da launinsa. Al'adar ƙasar ke nan. Suna da abubuwan mamaki biyar, jere daga gindin tsauni zuwa ƙololuwa, a bakin kowanne akwai marini a zaune. In baƙo ya iso sai a tsoma masa yatsa ɗaya a rinin da ba ya fita har kabari. Tun da Nomau ya dawo ba a sake ɗaurin aure ko suna ba face an shimfiɗa masa tabarma a gaba. In zai yi magana sai ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. Ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya gano a can ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Yaya ya jure har inda haƙurinsa ya ƙare, sannan ya ce a ɗaura wa alfadarai kaya.

A bakin zaure tsohuwa ta riƙe gefen rigata ta ce, "Mantau, kai ka san duniya, shi allura kawai ya sani. Ka dawo mini da shi yadda na ba ka shi."

Mun ratsa dajin da itatuwansa ke tsattsafo gishiri maimakon ƙaro, mun haye kogin da ke gangarawa gabas da safe ya juyo yamma da la'asar, mun yi zango a garin da ake ɗaure karnuka a saki kuraye. Duk wannan Yaya bai ɗaga kai ya duba ba, don ba a rina yatsa a kansu.

Gari na ƙarshe kafin hawa sunansa Tushe, kuma sana'ar mutanensa ɗaya ce: tsara wa baƙi tafiya. Ana kiransu madugan zaune. Na ga madugai a ƙasashe da yawa, masu faso a dunduniya da fatar da rana ta dafa. Waɗannan kuwa tafin ƙafarsu kamar na jariri, kowanne da tumbinsa da matashinsa, kuma babu harshen da ba su ji muddin mai shi ya zo da jaka. Wanda aka kai mu wurinsa sunansa Balkar. A tsakiyar shagonsa an gina tsaunin da yumɓu, tsayin mutum, an shafa masa farar ƙasa a ka, yana nuna wurare da doguwar sanda daga inda yake kishingiɗe.

"Wane ne ya riga ka, ranka ya daɗe?" Tambayarsa ta farko ke nan.

Yaya ya ce, "Ban gane ba."

"Ba mai shigowa nan sai wani ya riga shi. Maƙwabci ne ko suruki?"

Yaya ya yi gyaran murya. "Wani ne dai, mai goro."

"Da yaushe ya hau?"

"Da bazara."

Balkar ya yi dariya har matashin ya zame. "Bazara! Ai wannan lokacin tsofaffi ne da masu jego. Hanya a buɗe, furanni ko'ina, 'yan talla na bin mutum. Manya da ɗari suke hawa. Ba cunkoso, sama tas, kuma rinin ɗari ya fi duhu. Wanda ya san abin, da ya ga hannu ya bambance wanda ya hau da wanda aka kai yawo."

Fuskar Yaya ta buɗe kamar an yi masa albishir da sarauta. Ɗari a garinmu abu ne da ake kora da bargo ɗaya da kunun kanwa, iyakar saninsa ke nan. Ni kuwa na karanta labarin ƙanƙara, amma ban taɓa taka ta ba.

Na ce, "Madugu, kai ka taɓa hawa da ɗari?"

"Ni? In na hau wa zai tsara wa mutane tafiya?"

Sai ya tsara mana. Mutanen ƙasar suna da gidajen hutu a kowane mataki na tsaunin, inda mai hawa ke zama ba ya yin komai har ƙirjinsa ya saba da siririyar iska. Balkar ya bi su da sanda yana kawarwa ɗaya bayan ɗaya: wannan na ragwaye ne, wancan miyarsu ba gishiri, wancan babban mutum ba ya kwana a cikinsa. Ya ba mu safar hannu ta gashin akuya, ya bayyana dokar rini: ana farawa da ƙaramin yatsa a ƙare da babba, kuma duk yatsan da aka rina sai a yanke gidansa a jikin safar a bar shi a waje, don rinin ba ya kamawa sai ya sha iskar tsauni har ranar saukowa.

Na ce, "To a rina masa na hagu."

"Hagu na 'yan dako ne," in ji Balkar.

Yaya ya harare ni. "Da hagu zan riƙa gaisawa da mutane? Kai dai karatun nan ya ɓata ka."

Muka kama hawa. Hanya ta yi ta murɗewa kamar igiyar guga, itatuwa suka gajarce, suka koma ciyawa, ciyawar ma ta ƙare. Kanmu ya riƙa sarawa kamar ana daka a ciki. Mutanen Galmazu ba su da yawan magana, don numfashi a can ba abin zubarwa ba ne. Gaisuwarsu ɗaga gira ce. Yaya kuwa duk wanda muka gamu da shi sai ya tambaye shi gajiya da iyali da sanyi da labarin gida, kafin ya kai "madalla" ya zube a kan dutse yana haki kamar ragon da aka kora daga kasuwa.

Abin mamaki na farko shi ne Tafkin Taurari. Ruwa ne baƙi ƙirin a cikin kwarin dutse, ko motsi ba ya yi, kuma da rana tsaka ana ganin taurari a cikinsa, har da waɗanda ban taɓa gani a sararin garinmu ba. Na daɗe a tsaye a bakinsa. Da na waiwaya sai na ga ayarin baƙin da muka hau tare, attajirai da 'ya'yan sarakuna daga ƙasashe daban-daban, sun yi layi a gaban rumfar marini, duk sun juya wa tafkin baya, suna gardamar wanda ya riga wani. Yaya ya fito yana hura ƙaramin yatsansa, shuɗi shar.

Na ce, "Yaya, ba za ka leƙa ruwan ba?"

"Kai ka gani?"

"Na gani."

"To ai shi ke nan, gida ɗaya muke. Mu je kada waɗancan su riga mu."

Na biyu Gadar Gashi ce, wadda ta ratsa wani rami da ba a ganin ƙarshensa. Da gashin matan ƙasar aka saƙa ta. Duk amaryar da za a kai ɗaki sai ta yanke nata a ƙara a jikin gadar, don haka in ka duba da kyau za ka ga baƙi da ja da furfurar da ta yi fari a kan gadar bayan mai ita ta daɗe a ƙasa. Yaya da rarrafe ya haye ta, ido a rufe, yana kiran sunan tsohuwa. Aka rina masa yatsa na biyu ja.

A can muka gamu da wani mai saukowa, babban mutum da ganin rawaninsa, hannunsa na dama a naɗe cikin tsumma ya rungume shi a ƙirji. Yaya ya miƙa masa hannu, bai karɓa ba.

Na ce, "Malam, me ya sami hannun?"

Ya dubi yatsun Yaya biyu da ke waje, ya dubi fuskarsa, na ga bakinsa ya motsa kamar zai ce wani abu. Sai ya gyara rawani ya ce, "Ku dai ku je. Abin ba a ba da labarinsa, sai an gani da ido." Da ya wuce ya bar wari a bayansa, irin na naman da ya kwana a rana. Na lura da wannan a tafiye-tafiyena: wanda ya sha wahala a hanyar da ya yi fariya da ita ya fi kowa tura mutane cikinta.

Na uku Rijiyar Iska ce. A wannan tsayi iska ta yi ƙaranci har wuta ba ta son ci, amma akwai wata rijiya da ba ruwa a cikinta sai iska mai kauri, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Ana zura salka a jawo ta cike, baƙi su kafa baki su zuƙa. Na ga manyan mutane masu gemu suna ƙwace salka daga bakin juna kamar 'yan maruƙa. Aka rina wa Yaya yatsan tsakiya kore. Dusar ƙanƙara ta sauko ta tare hanya, dole muka zauna a nan, Yaya yana ta ƙorafin ɓata lokaci, yana fita bakin ƙofa ya ɗaga yatsunsa uku don rinin ya sha iska da kyau.

Wata safiya alkyabbarsa ta yage, ya fito da allura. Ina zaune kusa da shi. Ya riƙe ta da babban yatsa da na nuni, ya tura ta da na tsakiya yadda ya saba tun ina yaro, sai gindin allurar ya shige cikin naman yatsan ya fito ta gefe. Bai ɗaga kai ba. Sai da zaren ya ƙi tafiya ya duba.

"Kai, Mantau! Zo ka ga ikon Allah!" Ya zare allurar, ko ɗigon jini babu. Ya soka ta a ƙaramin yatsa, ya soka a na biyu, yana dariya. "Ashe tauri ne! Rinin nan har da tauri a ciki! Wallahi Nomau bai samo wannan ba. Na ga wuƙar goro ta yanke shi a gabana."

Na taɓa yatsun. Sanyi ƙalau, da tauri kamar ƙahon akuya. Na fita. Tun isowarmu na ga rumfar marini da ta wanzami rufinsu ɗaya, ƙofarsu ɗaya, ban kawo komai a raina ba. Na sami wanzamin yana wasa wuƙa, na gaya masa abin da na gani.

Ya ce, "Sun mutu."

"Rinin ne?"

"Sanyi. Yatsa ya yi fari, ya yi baƙi, ya zo wurina. Rini yana rufe launin, mai shi ba ya gani." Ya nuna marinin da haɓa. "Wana ne. Da bazara shi ke ci. Da ɗari mu biyu."

"Me ya hana ku faɗa wa baƙi?"

"Muna faɗa wa wanda ya tambaya." Ya gwada kaifin wuƙar a farce. "Kai ne na farko a bana."

Na koma na gaya wa Yaya komai, ban rage ba. Na ce ukun nan sun tafi, saura biyu, kuma su ne masu riƙe allura. In aka fitar da su daga safa a can sama inda sanyin ya ninka na nan, ya gama ɗinki har abada.

Ya ce, "Wanzami ne ya gaya maka? Ai dole ya ce haka, kasuwa yake nema."

"Yaya, taɓa su da kanka."

"Na taɓa, lafiyarsu ƙalau, ko ciwo ba sa yi. Ka taɓa ganin abin da ya lalace ba ya ciwo?"

"Gidanmu fa? Wa zai ciyar da su?"

"Au, cikinka kake ji! To faɗi gaskiya mana. In koma Mazargi da uku, mai goro yana da biyar? In ce musu me, na ji sanyi na gudo? Yaran unguwa ma sai sun yi mini waƙa." Ya naɗe zarensa. "Na goye ka a bayana, Mantau, ka yi mini fitsari a wuya. Ba kai za ka koya mini inda zan tsaya ba."

Da hanya ta buɗe muka shiga wani fili fari fat, ba dutse ba itace, rana na dukan ƙanƙara ƙanƙara na mayar mata. Mutanen ƙasar suna ɗaura wata fata a ido mai siririyar tsaga. Na ɗaura tawa, na miƙa wa Yaya tasa. Ya jujjuya ta ya ce shi ba jakin niƙa ba ne da za a rufe masa ido, kuma in ya sa wa zai gane shi. Washegari ya tashi idanunsa a kumbure kamar an watsa masa barkono, ko tafin hannunsa ba ya gani. Masu masaukin da muka kwana suka ce hasken ne ya ƙone su, za su warke in an ɗaure su an bar su cikin duhu kwanaki. Na yi hamdala a zuciyata, na ce yanzu kam dole mu juya.

Yaya ya ce, "Ido na me? Ido ake rinawa?"

Daga nan babu hanyar ƙafa. Manyan kwanduna ne a rataye a igiya, wasu shanu masu gashi har ƙasa suna juya wani katako, igiyar na tafiya. Layi biyu ne. Na hannun dama yana ɗaukar baƙi zuwa abin mamaki na huɗu. Na hagu yana gangarawa ta bayan tsaunin zuwa ƙauyukan kwari, da shi ake sauke ulu da cuku. Wata mata ce ke kula da su, gajeriya mai faɗin kafaɗa, tana tauna wani abu ba ta kallon kowa.

Na kama hannun Yaya, na bi da shi ta hagu.

Matar ta daina tauna. Ta ce da harshensu, "Wannan na ulu ne."

Na ce, "Ulu ne."

Ta dubi ɗaurin idonsa, ta dubi yatsun da ke waje. Ta sa hannu ta matsa kafaɗarsa kamar mai duba buhu. "Bai bushe ba. Nauyi zai yi." Ta buɗe mana kwandon.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

"Ta ce ba ta taɓa ɗaga mutum mai kwarjini irinka ba."

"Mutanen nan suna da ido."

Kwando yana lilo, iska na kaɗa shi gaba da baya, mai rufaffen ido ba ya sanin sama ake yi da shi ko ƙasa. Muka sauka daga wannan muka shiga wani, daga wani zuwa wani, ni da shi da dammunan ulu. Can sai Yaya ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja.

"Mantau, ƙirjina ya buɗe. Har ɗumi nake ji."

"Ai haka madugu ya ce. In an wuce gajimare na ƙarshe an kusanci rana."

"Ka ji! Da na biye maka da yanzu muna can ƙasa muna haki."

Abin mamaki na huɗu, yadda Balkar ya nuna mana a tsauninsa na yumɓu, wasu ginshiƙan ƙanƙara ne da ke waƙa in iska ta ratsa su. Ƙauyen da muka sauka na makiyaya ne, akuyoyinsu kowace da ƙararrawa a wuya, manya da ƙanana. Na zaunar da Yaya a bayan garke lokacin da ake koro su daga kiwo.

Ya karkata kai ya daɗe yana saurare. "Subhanallah. Dutse ne ke wannan?"

"Ƙanƙara ce, Yaya."

"Akwai ɗan wari."

"Na tsufa ne. Tun zamanin ruwan ɗufana suke nan."

Na sami gangamau a wurin wata tsohuwa, na dama da ƙaro, ta tsoma masa yatsan nuni ya fito rawaya. Washegari na sa shi a kwando aka kai mu ƙauyen da ke ƙasa da wannan, na zaga da shi bayan gari, na hau da shi kan juji, na ce mun iso Ƙofar Sama. A gabanmu wani shingen ƙaya ne da ƙyauren kara ya karkace, kaza na tono a gindinsa.

Ya ce, "Faɗa mini."

Na ce ƙofa ce ta farin dutse, ba a ga hannun magini a jikinta ba, tsayinta ya fi hasumiya, a bayanta ba ƙasa ba sama sai haske mai launin zuma, kuma wasu fararen tsuntsaye na shiga ba sa fitowa. Hawaye suka jiƙa ɗaurin idonsa.

"Haka na zata," ya ce. Can kuma ya laluba ya kamo hannuna. "Kada ka gaya wa kowa idona a rufe yake."

"Ba mai ji, Yaya."

Na kankaro baƙin tukunya na dama da ƙaro na rina masa babban yatsa.

Ɗumin kwari ya tayar da abin da sanyi ya kwantar. Hannun ya kumbura, ciwon ya hau har kafaɗa, warin da na ji a Gadar Gashi ya cika ɗakin. Sai da Yaya ya yi ta birgima a ƙasa sannan ya yarda a kira wanzamin ƙauyen, da sharaɗi ɗaya: a ba shi yatsunsa, don su ne shaida. Wanzamin bai yi mamaki ba. Ya jawo wata jaka cike da ƙananan zabiru, kowace da gishirinta a ciki, an tanade su don wannan. Ya yanke matattun yatsun uku ya zuba a ɗaya. Ranar da aka kwance wa Yaya ido, abin da ya fara dubawa zabirar ce. Ya juya ta ya ce wanda ya yi wannan ɗinki ya kamata a hana shi taɓa allura.

Muka zagayo Tushe ta hanyar kwari. A ƙofar shagon Balkar akwai dakali inda waɗanda suka sauko ke zama suna jiran a tabbatar da rininsu, a shelanta su a kasuwa da laƙabin Mai Biyar. Yawancinsu hannu a naɗe, zabira a wuya. Yaya ya zauna a tsakiya ya kama ba da labarin Ƙofar Sama, da farin dutsen, da hasken zuma, da tsuntsayen. Wani da ya kai ƙololuwar da gaske, a kan gadon kara aka kai shi yana amai, ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai kuwa. Wani ya ce shi har gashin tsuntsun ya tsinta, ya ɓace masa a hanya.

Balkar ya fito da ƙwarya da tsumma jiƙe da ruwan lemun tsami. Ya zazzage zabirar Yaya a faifai, ya goga shuɗi, ya goga ja, ya goga kore, ba abin da ya fita. Ya kama hannun Yaya, ya goga yatsan nuni sau ɗaya. Tsumman ya yi rawaya. Ya goga babban yatsa, baƙin tukunya ya bi ruwan ya gangaro har gwiwar hannu.



Balkar ya shinshina tsumman. "Gangamau. Uku ne, ranka ya daɗe, ukun ma ba a hannu suke ba." Ya mayar da su zabira ya ɗaure bakinta da ladabi. "Amma ba komai. Ɗari mai zuwa sai a ƙarasa biyun, ni zan tsara maka da kaina."

Yaya bai dube shi ba. Ya juyo gare ni a hankali.

"Ginshiƙan nan masu waƙa."

"Awaki ne, Yaya."

"Ƙofar fa?"

"Juji ne. Akwai dai ƙyaure."

"Tsuntsayen?"

"Kaza ɗaya."

Wani a ƙarshen dakalin ya ƙyalƙyale da dariya, mai gashin tsuntsu ya sunkuyar da kai. Yaya ya miƙe tsaye.

"Na yi kuka, Mantau. A kan juji ka sa na yi kuka, ɗan banza, maƙaryaci, ɓarawon yatsu! Me zan ce wa mai goro?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai ya kai hannun dama ya cafke kunnena da babban yatsa da na nuni, masu ɗumi, masu ƙarfi kamar awartaki, ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har sai da na durƙusa a gaban mutanen Tushe.